Biyar Cikin Goma

"Ki daina motsi mana," in ji Laust. "Filastar nake son gani."

Gunvor ta dafa teburin kicin ta tsaya cak. Mijin nata ya ɗaga bayan rigarta da yatsa biyu, a hankali, kamar wani abu zai cije shi. Filastar tana nan a manne, babu jini, babu ruwa. Daga ƙarƙashinta wata siririyar waya ta fito ta zagayo ƙugu, ta shiga 'yar na'urar da ke rataye a ɗamararta. Ɗaya bakin wayar yana can cikin ƙashin baya, kwance kusa da laka, inda likitoci suka zura shi mako biyu da suka wuce.

"Rediyon naki lafiya lau yake," ya ce, ya saki rigar. "Wace tasha yake kamawa yau?"

"Wadda babu muryarka a ciki. Miƙo min man shanu."

Rediyo yake kiranta tun ranar da aka saka ta. Aikinta kawai ta riƙa tura 'yar wutar lantarki cikin laka, sai ƙafar hagu ta riƙa jin wani zir-zir kamar kiyashi na yawo a kai, a daidai wurin da ciwon ya saba zama. Gwaji ne, kuma yau yake ƙarewa. Idan likita ya gamsu cewa abin ya yi amfani, za a yi mata tiyata a dasa ta dindindin, da batir a ƙarƙashin fata. Idan bai gamsu ba, za a zare wayar a sallame ta, ta koma ga ƙwayoyin da suka daɗe da daina jin maganarta.

Ta yanka baƙin burodi, ta shafa man shanu, ta ɗora kyafaffen kifi, ta naɗe na hanya. Ta cika filas da gahawa. Duk wannan a tsaye ta yi shi, ba ta jingina da komai ba, kuma ta lura da hakan sarai. Murna ta cika mata ciki har ta ji tsoronta.

A bakin mota maƙwabciyarsu ta leƙo ta saman shinge, da almakashin aske shuke-shuke a hannu.

"Gunvor, yau ne ko? Yaya bayan?"

"Da sauƙi."

"To, madalla."

Amsar da take ba matar ke nan shekara da shekaru, tun ranar da bayan ya tsinke mata tana ɗaga wani tsoho daga baho a gidan kula da tsofaffi inda take aiki, ta ba ta ita bayan tiyata ta farko, ta ba ta bayan ta biyu da ita ma ba ta yi ba. Mu mutanen gaɓar teku ta yamma haka muke. Mutum zai dawo daga teku da yatsa ɗaya a aljihu, ka tambaye shi, ya ce ba laifi, ai saura tara. Idan abinci ya yi daɗi ƙwarai, cewa muke ana iya ci. Wanda ya cika bayyana damuwarsa kuwa, ba za a ce masa komai ba, amma za a tuna, kuma za a tuna wa 'ya'yansa. Gunvor a cikin wannan ta tashi, a gidan masu zuwa coci sau biyu ranar Lahadi, kuma ko a garinsu Thyborøn ana lissafa ta cikin masu taurin rai.

Hanyar Aarhus, inda asibitin yake, doguwa ce. Suka wuce Lemvig, suka wuce Holstebro, iska na ta dukan motar daga gefe. Da suka wuce gidan mai na uku Laust ya dube ta.

"Yau mafitsarar taki ta tuba ne? Da can ko alamar banɗaki kika hango sai na tsaya."

"Ka kalli hanya, tsoho."

"Tambaya na yi. Na saba sanin kowane banɗaki tsakanin nan da Aarhus, har masu sharar sun fara gaishe ni."

Ta kusa yin dariya. Ta danna maɓallin na'urar ta ƙara ƙarfi kaɗan, kiyashin suka sauka har diddige.

A asibitin ba su jira da yawa ba. Wata nas ta kai su ɗaki, ta duba filastar, ta ce fatar ta yi kyau. Sai likitan ya shigo, saurayi ne dogo da takalmin gudu a ƙafa, ya miƙa musu hannu.

"Mikkel ne, kin tuna ni? Sannu Gunvor. Sannu Laust."

Ta tuna shi. Ɗan Kopenhagen ne, da jin maganarsa, yana hadiye rabin kowace kalma. Mutumin kirki ne dai, kuma hannunsa bai yi rawa ba ranar da ya zura wayar. Ya jawo kujera ya zauna gaban kwamfuta.

"To, ba ni labari. Yaya makon biyun nan?"

"Ba laifi."

"Ba laifi mai kyau, ko ba laifi mara kyau?"

"Ba laifi dai."

"Barci fa?"

"Ana yi."

"Akwai abin da kike iya yi yanzu wanda da ba kya iyawa?"

Ta yi tunani. "Ai da ma ina yin komai."

Mikkel ya dubi Laust ko zai samu ƙarin bayani. Laust yana riƙe da rigar sanyin matarsa a cinya, ya gyaɗa kai. "Ba ta taɓa fasa komai ba," ya ce, da alfahari.

"To, mu koma ga lamba. Daga sifili zuwa goma. Sifili babu ciwo, goma shi ne mafi tsananin da za ki iya tunani. Da na'urar a kunne, nawa kike ji?"

Wannan tambayar ta yi mata shiri tun a gida. Ta saurari ƙafarta da gaske, ta saurari bayan, don ba ta son ta faɗi abin da ba haka ba.

"Huɗu," ta ce.

Likitan ya dubi kwamfutar, ya ɗan jima. Sannan ya juyo da kujerar gaba ɗaya ya fuskance ta.

"Kafin mu saka wayar, na yi miki wannan tambayar. Kin ce biyar."

"Haka na ce."

"Biyar zuwa huɗu ke nan. Gunvor, bari in gaya miki yadda abin yake. Ba ma dasa na'urar sai ciwon ya ragu da rabi ko fiye. Ba rowa ba ce. Tiyata ce, ƙarfe ne da waya za su zauna a jikinki har ƙarshen rayuwa, suna iya kawo ruɓa, wayar tana iya gocewa a sake buɗe ki. Idan abin da za ki samu ɗaya ne cikin biyar, ba zan yanka ki a kansa ba."

Ta tuna ranar sarai. A ɗakin jira ta zauna kusa da wata mata a keken guragu wadda ba ta da ƙafa ko ɗaya, sannan ta shigo nan, Laust a gefenta riƙe da wannan rigar sanyin, aka ce ta zaɓi lamba. Ta ga idan ta hau sama ta zaƙe, idan ta sauka ƙasa za a ce me ya kawo ta. Sai ta ɗauki tsakiya. Ba ta san cewa za a ajiye lambar a auna ta da ita ba.

"Wayar gwajin dai dole ta fita yau, ko ya aka yi," in ji Mikkel. "Ba a barinta fiye da haka." Wayar aljihunsa ta yi ƙara, ya duba. "Ana nemana a ɗakin gaba. Ku sha gahawarku, yanzu zan dawo mu ƙarasa."

Ƙofar na rufuwa Laust ya matso da kujerarsa.

"Ki ce biyu," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Me?"

"In ya dawo ki ce kin sake tunani, biyu ce. Rabin biyar ai biyu da rabi ne. Ki ce biyu, a wuce wurin."

"Ba biyu ba ce. Huɗu ce."

"Wa zai shiga ƙafarki ya ƙirga?"

"Laust, so kake in yi ƙarya a kan gadon asibiti, da waya a bayana?"

"Ke dai kina son rediyon ko ba kya so?"

Son da take yi wa 'yar na'urar nan ya fi ƙarfin a faɗa. Tunanin cewa za a zare ta a tura ta gida haka nan ya tsorata ta.

"Ban taɓa yi wa likita ƙarya ba," ta ce.

"To ai shi ke nan. Biyar ce da, huɗu ce yanzu, abin bai yi aiki ba, mu tafi gida." Ya sake dubanta. Laust ya yi shekaru a kasuwar gwanjon kifi, ya san fuskar mai saye da ke ɓoye farashinsa. "Biyar ɗin fa? Gaskiya ce?"

"Wannan ba ƙarya ba ce."

"Mece ce?"

"Ladabi ne."

"Ladabi," ya maimaita.

"Kana zaune a wurin. Me kake so in ce a gabanka?"

Sai ƙofar ta buɗe. Mikkel ya dawo yana shafa man wanke hannu, ya zauna. Gunvor ta gyara zama, ta haɗa hannuwanta a cinya. Hanya biyu ce a gabanta, ta ga kowacce sarai. Ta ce biyu, kalma ɗaya, kowa ya tashi da mutuncinsa. Ko kuma ta buɗe abin da ta yi shekaru tana rufewa, a gaban ɗan Kopenhagen da mijinta. Ta fi jin kunyar mijin.

"Huɗun gaskiya ce," ta ce. "Biyar ɗin ce ba daidai ba."

Likitan bai yi mamaki ba, bai kuma taɓa kwamfutar ba.

"Mutane da yawa suna son canza lambar farko idan suka ji ƙa'idar," ya ce. "Ba na zarginki. Amma lamba kaɗai ba za ta ishe ni ba yanzu. Ki ba ni labarin rana ɗaya kafin na'urar. Ranar da ba ta fi sauran muni ba. Ki fara daga safe."

"Laust, ka je ka duba motar."

"Motar tana nan inda na bar ta," in ji Laust.

Ta zaɓi wani wuri a bango, gefen hoton ƙashin baya da aka manna, ta kafe shi da ido. Muryarta ta fito a daidaice, kamar mai ba da rahoton aikin dare ga masu karɓar aikin safe.

"Ina jira ya fita kasuwa tukuna. In na ji tashin motar, sai in mirgino daga gado zuwa ƙasa. Da rarrafe nake zuwa banɗaki. A can nake kama bakin baho in miƙe. Wani lokaci sai na yi sau uku."

"Ci gaba."

"Ina iya tsayuwa kamar tsawon feraye dankali huɗu. Daga nan sai in kwanta a ƙasan kicin, in ɗora ƙafafu a kujera. Da kwanon nake kwanciya, in ƙarasa firar a nan. In na ji tayar mota a kan tsakuwa sai in tashi in ɗora tukunya."

Ta ji numfashin Laust ya canza, ba ta waiwaya ba.

"A mota ba fitsari nake ji ba. Zaman ne ba na iyawa. Ina shiga banɗakin gidan mai in kulle, in kama ƙofa in tsaya har ƙafar ta saki. Coci kuma na daina zuwa, na ce wa mutane wa'azin sabon faston ruwa-ruwa ne." Ta ɗan tsaya. "Ruwa-ruwan ne. Amma bencin ne ya kore ni."

Mikkel ya yi ɗan murmushi, ya mayar da shi. "Da dare fa?"

"Ba na kwana a gado sai rabin dare. Wannan kam Laust ya sani, yana zaton minsharinsa ne."

Ta so ta tsaya a nan, kuma da ta tsaya ma da wataƙila ya isa. Amma bakin ya riga ya buɗe, sauran ya fito da kansa.

"Bara aka yi wa jikata baftisma. 'Yata Rikke ta ce ni zan riƙe jaririyar a gaban coci, kamar yadda mahaifiyata ta riƙe ta. Na ce mura nake yi. Ba ni da mura. Ƙafar takan ɗauke ba sanarwa, na ga kaina ina faɗuwa da yarinyar a kan daɓen dutsen cocin. Sai uwar mijin Rikke ta riƙe. Rikke ta ɗauka ban damu ba ne. Har yau in ta kira, da babanta take hira."

Ta yi kuka, ba mai sauti ba, ta ji haushin kanta ƙwarai da ta yi shi. Likitan ya tura mata kwalin takardar goge fuska, ta ƙi ɗauka, ta yi amfani da bayan hannu.

"Wannan ranar da kika bayyana min," ya ce, "nawa ce?"

"Tara."

"Ba goma ba?"

"Goma ta masu mutuwa ce. Na yi jinyarsu, na san ta."

"A makon biyun nan, kin kwanta a ƙasan kicin?"

"A'a."

"Kin yi rarrafe?"

"Ai kun hana ni sunkuyawa."

"Gunvor."

"Ban yi ba. Ban buƙata ba. Jiya na taka har bakin tashar jiragen ruwa na dawo."

Sai a lokacin ya juya ga kwamfutar. Ya yi rubutu mai tsawo.

"Tara zuwa huɗu ya wuce rabi," ya ce. "Zan rubuta yadda kika faɗa, da dalilin da ya sa lambar farko ta zama biyar. Za mu dasa miki. Amma akwai layi, sai nan da wata guda ko fiye kafin a kira ki. A tsakanin nan babu na'ura, ciwon zai dawo kamar da. In ya fi ƙarfinki ki bugo waya, kuma don Allah idan an tambaye ki kada ki ce ba laifi."

"Ba laifi," in ji Gunvor, sannan ta ji abin da ta faɗa.

Zare wayar bai ɗauki lokaci ba. Ta kwanta rubda ciki, nas ɗin ta kashe na'urar, ta ɓare filastar, ta yanke zaren ɗinkin, likitan ya ja a hankali. Kiyashin suka ɗauke gaba ɗaya, kamar yadda gida ke yin shiru idan firji ya tsaya. Aka manna sabuwar filasta. Nas ɗin ta saka na'urar a leda ta ajiye a kan tire, Gunvor ta bi ta da kallo har aka fita da ita.

Laust ya riƙe mata rigar sanyi ta zura hannu. Suka sauka zuwa wurin ajiye motoci. Ya kwantar mata da kujera baya ba tare da ya tambaye ta ba. Sun fita daga gari sun hau babbar hanya kafin ya buɗe baki.

"Shekara nawa ina cin dankalin da aka feraye a kwance."

"Ai ya dahu."

"Ba wasa nake ba, Gunvor."

Ta san ba wasa yake ba. Kunnuwansa sun yi ja, kuma tun da ta aure shi sau kaɗan ta ga haka.

"Kullum ina tambayarki," ya ce.

"Ba tambaya kake ba. Cewa kake, 'Da sauƙi ko?' Ni kuma in ce da sauƙi."

Ya tauna wannan na tsawon hanya. Wata babbar mota ta wuce su, iskarta ta girgiza tasu.

"Da kin faɗa, da na dafa abincin."

"Ba ka iya ba."

"Da na koya."

"Da mun mutu da yunwa kafin ka koya."

Bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba. Ta ji tausayinsa, abin da ba ta yi tsammani ba, don ta ɗauka kanta za ta ji wa. Ciwon ya riga ya fara dawowa. Ya taso daga ƙugu, ya bi bayan cinya yana gangarowa, ta hanyar da ya saba bi.

"Za ki kira Rikke?"

"Zan kira. Ba yau ba."

Suka wuce gonaki, suka wuce manyan fankokin samar da lantarki suna juyi a hankali. Ya rage gudu a kan wani gargada, ya lallaɓa motar ta haye.

"Yanzu nawa ce?" ya tambaya, idonsa a kan hanya.

Amsar da ta saba bayarwa ta zo har bakinta. Ta hadiye ta.

"Bakwai. Tana hawa."

Ya gyaɗa kai, ya ƙara riƙe sitiyarin. Sannan ya yi gyaran murya.

"Gwiwata ta dama," ya ce. "Tun kakar bara. Shida ce."

Ta juyo da kai a kan kujerar ta dube shi.

"Shida ta gaskiya, ko shida irin ta garinmu?"

Suka wuce wata mahaɗa, ya kunna sigina, ya karya kwana zuwa yamma.

"Irin ta garinmu," ya ce.